Gida A Ingila, Zaure A Gyaɗi-Gyaɗi

Tun muna yara, idan ana so a nuna cewa mutum ya kai maƙura a arziki a nan Kano, ba a tsayawa lissafin motocinsa ko shagunansa na Kwari, sai kawai a rage murya a ce, "Ai wane har gida gare shi a Landan." Daga nan magana ta ƙare. Mu kanmu marubuta mun ɗauki wannan magana mun zuba ta a littattafanmu ba adadi. Da wuya ka karanta labarin soyayya 3 a jere ba ka ci karo da wani Alhaji mai gida a Landan ba, wanda 'yarsa kan tafi hutu can ta dawo da tsaraba, alhali kuwa marubucin bai taɓa tambayar kansa yadda ake sayen gidan ba, ko wa yake share shi idan Alhaji ya dawo Kano. Ni ma na taɓa yi, ba zan ɓoye ba. Gidan Landan na gaske da na fara jin labarinsa kuwa shi ne na marigayi Umaru Dikko, wanda aka sace a ƙofarsa a 1984 aka ɗura a akwati, asiri ya tonu a filin jirgin sama. Manya suka daɗe suna ba da labarin a zaurenmu, har na ɗauka duk mai gida a can ko dai attajiri ne ko kuma mai gudun gwamnati.

Ban taɓa zaton wata rana wannan zance zai yi sallama a tsakar gidanmu ba, ni da nake malamin lissafi a makarantar sakandare, mai jiran ƙarshen wata kamar kowa. To amma ya yi, kuma sai da ya tafi da wani abu.

Bari in fara da gidan. Mahaifinmu tela ne. Ya sayi filin a Gyaɗi-Gyaɗi a 1975, shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kowa ya tashi ɗinka sababbin kaya, teloli suka kwana a kan keke. Ya sha gaya mana cewa a lokacin abokansa na cikin birni dariya suka yi masa, wai ya bar gari ya koma ƙauye, domin kuwa idan ka tsaya a bakin filin gonaki kake hange. Ya gina ɗakuna 2 da zaure da tubalin ƙasa, daga baya aka riƙa ƙari da bulo har ya zama gidan da muka tashi a ciki, mu 5: yayata mace, sai ni, sai ƙannena mata 2, sai Auta. Zauren nan shi ne shagon Baba, shi ne majalisarsa. A nan keken ɗinkinsa yake, a nan ake ɗaura aure da raɗin suna, a nan almajirai suke fakewa idan ruwa ya tsuge, a nan kuma muka zauna karɓar gaisuwa kwana 3 da Allah ya yi masa rasuwa a 2016.

Ba a raba gidan ba bayan rasuwar. An dai kira malami ya yi lissafi kowa ya san rabonsa. Inna tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, ragowar kashi 7 kuwa suka faɗa daidai kamar an auna: ni 2, Auta 2, mata 3 kowacce 1. Matan suna gidajen aurensu, Auta yana makarantar koyon aikin jinya, ni kuwa ina zaune da iyalina a sashen baya, ba na biyan kowa haya. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin za mu dawo kanta.

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi shekaru 30 baya, in ya zo yau sai ya nemi ɗan jagora. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya bunƙasa ya jawo duniya, mutane suna zuwa daga Jigawa da Katsina da Bauchi har da Nijar. Duk inda marar lafiya ya sauka kuwa, mai magani zai bi shi, mai gwajin jini zai bi shi, mai abinci da mai masauki su biyo baya. Gidajen bakin Titin Zariya da na Titin Kotu suka riƙa zama shaguna ɗaya bayan ɗaya, sannan abin ya fara shigowa lunguna. Aka yi gadar sama a Dangi, hanya ta ƙara buɗewa. Maƙwabtan da muka taso tare suka sayar suka koma Na'ibawa ko Mariri ko can bayan Unguwa Uku, 'yan haya kuwa ba a ma tambayar ra'ayinsu, takardar tashi kawai ake miƙa musu. Gidanmu yana kan kwana, mota tana iya tsayawa a ƙofarsa, saboda haka dillalai suka maishe mu wurin yawo. Kullum amsar Inna ɗaya ce, a gaishe su, a ba su ruwa, a ce ba na sayarwa ba ne.

Auta ya tafi Ingila a 2021, cikin ayarin ma'aikatan jinya da likitocin da suka yi ta ficewa bayan Birtaniya ta buɗe musu biza ta musamman a 2020. Ya sami aiki a wani asibiti a Bradford, garin da a da ya yi suna wajen masaƙun ulu, yanzu kuma yake cike da Musulmi 'yan asalin Pakistan. Yaro ne mai hankali, ba ya wasa da hakkin Inna, duk wata sai ya aiko. A watan Disamba na 2022 ya kira ni da dare, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi, amma don Allah ka saurare ni har ƙarshe kafin ka ce wani abu."

Ashe wani dillali ya sami lambarsa, ya gaya masa akwai mai son gidan a kan naira miliyan 64. A lokacin 'yan canji a Wapa suna sayar da fam ɗaya wajen naira 900, wato kuɗin zai kama fam dubu 70 da ɗan wani abu. A Landan wannan ko ɗaki ba zai saya ba, domin matsakaicin gida a can ya haura fam dubu 500. Amma a garuruwan arewacin Ingila akwai tsofaffin gidajen da aka gina wa leburorin masaƙu tun ƙarni na 19, jere suke bango ɗaya kamar haƙoran mataji, kuma ana samun waɗanda ba su kai fam dubu 100 ba. Shawararsa ita ce a sayar da gidanmu, ya cika da abin da ya tara, a sayi irin wannan gida kuɗi hannu ba bashin banki balle a yi maganar ruwa, a zuba 'yan haya, duk wata a sami kamar fam 600 a raba bisa rabon gado. Inna kuma a kama mata gida na zamani a Kundila ko Darmanawa, mai famfo da tayil, ta huta da hayaniyar masu Adaidaita. Ya ce, "Yaya, naira narkewa take kamar ƙanƙara a hannu. Kai ne malamin lissafi, ka yi da kanka."

Da muka kai wa Inna maganar, ta yi shiru tana jan carbi har na gama, sannan ta ce, "Fam nawa ka ce?" Na ce dubu 70. Ta ce, "To ai an cuce ku. Gidan nan gaba ɗaya a kan naira dubu 140?" Allah Sarki, ita har yanzu fam a wurinta naira 2 ce, kamar yadda aka bar ta a 1973 da aka canja kuɗi. Muka yi dariya har da hawaye, ni da 'yan'uwana mata. Daga baya da na kwanta sai dariyar ta koma mini ciki, domin na tuna cewa a 1980 fam ɗin Ingila bai kai naira ɗaya da rabi ba, a farkon 2015 yana wajen naira 300, ga shi a ƙarshen 2022 ya kai 900. Lissafin Inna ba shirme ba ne, zamaninsa ne ya wuce, kuma abin da Auta yake gudu ke nan.

Na ɗauki maganarsa, na yi lissafin. Na shafe makonni ina aika masa tambayoyi, shi kuma yana tambayar lauyoyi da dillalan can yana turo mini amsa, ina rubutawa a bayan tsohon littafin shirya darasi. A nan ne na koyi abubuwan da nake ganin ya kamata duk mai son sa wa tauraron labarinsa gida a Turai ya sani.

Na farko da ya ba ni mamaki shi ne, a Ingila ma ba kowane mai gida ne mai ƙasa ba. Akwai gidan da kake saya da ƙasarsa har abada, akwai kuma wanda shekaru kawai kake saya, 99 ko 125 ko ma 999, ƙasar tana hannun wani, kuma yawancin gidajen bene masu hawa-hawa irin wannan ne. Idan shekarun da suka rage suka yi ƙasa da 80, sai darajar gidan ta fara zubewa, bankuna su fara ja da baya. Na yi ta jinjina abin ina cewa Turawa da wayo, sai wani abokin aikina mai koyar da darasin gwamnati ya tuna mini cewa mu ma nan haka muke. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar mallakar da muke rububi a kanta izinin zama ce ta shekara 99. Bambancin da na gani shi ne na rajista. Su suna da ofishi tun 1862, kuma da 'yan fam kaɗan kowa zai iya neman takardar da za ta nuna masa mai gida kaza da bashin da ke kansa. Mu kuwa shaidar gidanmu wata takarda ce da ta yi ja don tsufa, rabinta da ajami, da hannun mai unguwa da shaidu 3, dukkansu sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan takarda ta zama abin magana, domin lauyan can ba zai taɓa kuɗinka ba sai ka nuna masa asalinsu dalla-dalla, daga ina, ta hannun wa, a kan me. Ba don ƙiyayya ba ne, manyanmu ne suka ɓata rawarsu da tsalle. An ɗaure tsohon gwamnan Delta James Ibori shekara 13 a Landan a 2012, kuma gidaje na cikin dukiyar da aka lissafa a shari'ar. A 2018 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ke tilasta wa mutum ya bayyana inda ya samo dukiyar da ta fi ƙarfin samunsa, a 2021 takardun Pandora suka fallasa 'yan Nijeriya da dama da suka sayi gidaje a can da sunan kamfanonin ɓoye, a 2022 kuma aka buɗe rajistar da ke neman sunan ainihin mai irin waɗannan kamfanoni. Saboda haka da an ji kuɗi daga Nijeriya suke sai a gyara zama. Wasu suka sha romo, ɗan tela ke amsa tambaya.

Sai kuma abin da ke zaftare kuɗin. Tun daga Afrilun 2021 wanda ba mazaunin ƙasar ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin 100 na harajin sayen gida, ban da wani ƙarin da ake ɗora wa mai sayen gida na biyu, wanda a lokacin kashi 3 ne, a 2024 aka mai da shi 5. Dillalin da zai kula da 'yan haya yana yankar wajen kashi 10 na kuɗin haya duk wata. Akwai inshora, akwai duba bututun gas da doka ta wajabta duk shekara, akwai tukunyar ɗumama gida wadda idan ta mutu cikin hunturu dole ka gyara a kwanakin nan, ba irin namu ba da mai gida zai ce wa ɗan haya ya yi haƙuri sai bayan Salla. Idan gida ya zauna ba kowa, harajin ƙaramar hukuma kanka yake dawowa. Ɗan haya kuma idan ya daina biya, ba ka isa ka cire masa ƙofa ko ka kira 'yan unguwa ba, sai kotu, kotun kuma tana iya cin watanni. Wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, sayen gida a Ingila ba ya ba ka izinin zama ko na kwana ɗaya. Wasu ƙasashen da suka taɓa yin irin wannan ciniki ma sun janye: Fotugal ta cire gidaje daga tsarin a 2023, Sifaniya ta rufe nata a 2025, bayan 'yan ƙasa sun yi ta kukan cewa baƙi masu kuɗi sun sa haya ta gagare su a garuruwan da aka haife su. Da na ji wannan sai na tuna da maƙwabtanmu da suka koma Mariri.

Duk da haka, bayan na cire komai na kuma cire wani abu don tsaro, sai na ga ana iya tsira da kamar fam 400 a wata. A raba 8, kowane kashi fam 50, nawa fam 100, wato naira dubu 90 a canjin lokacin, kuɗin da ya kusa kamo albashina. Na sake lissafin ta wata hanya ko zan kama kuskure, ban kama ba. Yaron nan yana da gaskiya.

Abu guda na samu na riƙe, kuma na riƙe shi da hannu biyu. A dokar Ingila sunan mutum 4 kawai ake iya rubutawa a takardar gida, mu kuwa mu 6 ne. Mafi sauƙi shi ne a sa sunan Auta shi kaɗai tunda shi ne a can. To idan ta Allah ta kasance fa? Gida yana bin dokar ƙasar da yake cikinta, kuma idan mutum ya mutu a can bai bar wasiyya ba, matarsa da 'ya'yansa ne ke gaba, uwa da 'yan'uwa ba su da ko allura, ba ruwan kotun da tumunin takaba ko rabon namiji da mace. Ranar da na faɗa wa 'yan'uwana mata haka, sai yayarmu ta dafe ƙirji ta ce a bar maganar. Auta ya yi ta bayani cewa lauya yana iya rubuta takardar amana da za ta nuna kason kowa, a kuma yi wasiyya, kuma gaskiya ya faɗa, na san da hakan tun kafin in buɗe baki. Amma ban ƙarfafa wannan ɓangaren ba da nake yi musu bayani. Na faɗe shi a gurguje, kamar yadda ɗalibi kan karanta layin da bai so malam ya tsaya a kai.

Ga dalili. Idan aka sayar da gidan, Inna za a kama mata wuri, mata suna ɗakunansu, Auta yana Turai. Ni ne kaɗai zan kwashi mata da 'ya'ya 5 in shiga neman haya, a Tarauni inda kuɗin hayar ɗaki 2 da falo yake neman gagarar ƙaramin ma'aikaci. Fam 100 ɗin nan a bakin mai gida za ta ƙare. Na yi ta faɗa wa kaina cewa don Inna nake yi, don kada a raba tsohuwa da ɗakin da ta yi shekara 40 da ɗoriya a ciki, da maƙwabtan da suka rage mata, da bishiyar zogalen da take tsinka. Wannan ma gaskiya ne, domin ita da bakinta ta ce daga ɗakin nan sai kabari. Sai dai gaskiya biyu ce ta haɗu, na ɗaga ɗaya sama na zauna a kan ɗaya.

Da Auta ya ga ba za a sayar ba, sai ya ce to a fitar masa da rabonsa ya yi abin da zai yi da shi. Hakkinsa ne, ba mai musu. Naira miliyan 16 ke nan a farashin da aka taya, kusan fam dubu 18. Amma ina za mu samo? Ko an haɗa albashina na shekara 10 ba zai kai ba. Na ce masa ya ba ni lokaci. Lokacin nan kuwa ban yi komai da shi ba illa jan ƙafa. Aka shiga wahalar canjin takardun kuɗi a farkon 2023, na ce a bari ta wuce. Aka shiga zaɓe, na ce a bari a ga kamun ludayin sabuwar gwamnati. Aka yi azumi, aka yi Salla. Idan ya kira sai in cika shi da labarin unguwa, wane ya rasu, wance ta haihu, har katinsa ya kusa ƙarewa. Wata rana ya ce, "Yaya, ko dai in haƙura ne?" Na ce haba Auta, wace irin magana ce wannan, ana nan ana ƙoƙari. A raina kuwa ina fatan ya haƙura ɗin.

A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani a kwanon abincinsa. Ni kuwa a wayata nake ganinsa, domin na koyi wata mummunar ɗabi'a ta duba farashin fam kowace safiya kafin in tafi makaranta. Ya wuce 1,000, ya wuce 1,500, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 2,000. Kowace safiya rabon ƙanena yana raguwa a hannuna, ba tare da na taɓa ko kwabo ba.

Inna ce ta yanke maganar. Ban san yadda aka yi ta fahimta ba, ita da fam yake naira 2 a wurinta, amma wata rana bayan sallar isha ta kira ni ta ce, "Malam, hakkin yaron nan yana hana ni barci. Ubanku bai taɓa kwana da yadin wani ba idan ya yi alkawari. A yanki gaban gidan a sayar a ba shi." Na ce Inna, zauren fa? Ta ce, "Mai zauren ya tafi."

Haka aka yi. Wani mai kemis ya sayi zauren da ɗakin da ke jikinsa a kan naira miliyan 20, muka amince duka a bai wa Auta a matsayin rabonsa, ya sa hannu ya fita daga gidan. A baki an ƙara masa miliyan 4 a kan abin da ya nema. Da aka canja kuwa, bai cika fam dubu 10 ba. Watanni 14 na jan ƙafata sun cinye masa kusan rabi. Na yi wannan lissafin sau ɗaya, ban sake ba.

Ranar da aka zo rushewa ina makaranta, da gangan na ƙi neman izini. Da na dawo na tarar an kai keken Baba ɗakin Inna an rufe shi da zane, an kuma fasa mana wata 'yar ƙofa ta lungu, wadda sai an karkata babur kafin ya shiga. Da matata ta haihu bara, a masallacin unguwa aka raɗa suna, abokaina suka zauna a benci a gefen titi. Yanzu idan baƙo namiji ya zo, sai dai in fito mu tsaya a jikin bangon kemis, janareta yana yi mana kuka a ka.

Shi kuwa Auta bai fasa ba, sai dai abin da ya saya ba shi ne abin da ya yi niyya ba. Kuɗin ba su isa sayen gidan haya kuɗi hannu ba, kuma ya ƙi bashin ruwa. Ya ƙara shekara guda yana aikin dare yana tari, sannan ya bi ta ɗaya daga bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci a can, irin abin da Jaiz ya kawo mana nan a 2012. Bankin ya sayi gidan tare da shi, yana biyan hayar kason bankin, yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan, har shekara 25. A 2025 aka ba shi makulli. Ba ɗan haya ba ne a ciki, shi ne da matarsa da 'yarsu. Idan Allah ya kai mu ranar da zai gama biya, ya haura shekara 55.

Ranar da suka tare ya kira mu ta bidiyo, muka taru a tsakar gida, na riƙe wa Inna wayar. Gidan dutse ne baƙi-baƙi, siriri, ɗaki 2 a sama, matakala a tsaye kamar tsani. Ya fara daga titi ya tura ƙofa, sai ga mu tsundum a cikin falo, matarsa tana zaune a kujera. Inna ta ce, "A'a, koma baya. Daga titi sai ɗaki? Ina zauren?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, nan ba a yin zaure." Ta ce to baƙi maza fa, a ina suke tsayawa? Ya ce ai ba a zuwa sai an yi waya. Ta girgiza kai, ta tambayi maƙwabta, ya ce na dama 'yan Pakistan ne, har sun aiko da abinci, na hagu wata tsohuwar Baturiya ce da karenta. Ta tambayi masallaci, ya ce tafiyar minti 5 ce. Ta tambayi inda ake shanya, ya kai ta wani ɗan fili a baya wanda bai fi tabarma 3 ba. Sannan ta yi addu'a mai tsawo, Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya sa a gama biya lafiya, muka shafa. Ba wanda ya dubi wajen da zaurenmu yake a da, ni dai na san ban duba ba.

Har yau Auta bai taɓa tayar mini da maganar fam dubu 8 ɗin nan ba, ko da wasa. Yana kira yana cewa Yaya kamar kullum, yana tambayar karatun yara, bara ma shi ya biya wa babbar 'yata kuɗin jarrabawar fita. Ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Na sha shirya maganar a kan hanyar dawowa daga makaranta, idan ya ɗauki waya sai in ji ina tambayarsa sanyi.

Makon jiya dillalin nan ya sake tare ni a bakin lungu. Wai mai kemis yana son faɗaɗawa, zai sa wurin gwaje-gwaje da ɗakunan kwana a sama, yana son ragowar gidan gaba ɗaya. Ya matso ya raɗa mini wani adadi. Na ce masa ba na sayarwa ba ne, ya ce ya sani, in dai yi tunani. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa 'yan'uwana ba tukuna. Da na shiga ɗaki dai na ciro waya na duba farashin fam na ranar, na raba adadin gida 6 a bayan littafin shirya darasi, na ja layi a ƙarƙashin kashi 2.